Gammon da ke bayan sitiyari: yadda muka gyara maɓallan wata Corolla a tsakar gida a Garwa

Motar Corolla ce ƙirar 2008, irin waɗanda ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Duwala, nan Kamaru, bayan sun gama yi wa Turawa bauta. Shekara shida ke nan tana hannuna. A jikin sitiyarinta, ko volan kamar yadda rabin mutanen Garwa ke cewa, akwai maɓallai biyar: biyu na ƙara murya da rage ta, biyu na sauya tasha, ɗaya na komawa daga rediyo zuwa faifai. Ban taɓa ɗaukarsu a bakin komai ba sai da suka fara gardama.

Uwargida ce ta fara lura. Wata Lahadi cikin hunturu muna dawowa daga kasuwar Pitowa, ana labaran yamma, sai ta ce, "Malam, kai ne ke rage muryar, ko rediyon ne ya gaji?" Ni kuwa ƙarawa nake yi. In na danna na ƙarawa, wani lokaci ya ƙara, wani lokaci ya rage, wani lokaci ya yi kunnen uwar shegu da ni. Na ce ƙura ce, don a watan Disamba duk abin da ya lalace a garin nan ƙura ake ɗora wa laifi, kuma sau da yawa da gaskiyar mai ɗorawa.

Bayan kamar mako uku sai hon ya shiga sahu. Wanda ya san titunan Garwa ya san mota ba hon tamkar makaho ne ba sanda, ga 'yan acaɓa suna fitowa ta inda ba ka zata ba. A shataletale ya fara yi mini: na karya kan mota hagu, wani mai babur ya kutso, na danna, shiru. Da na miƙe hanya na sake dannawa, sai ya yi ƙara kamar ba shi ba. Daga nan na fara kasa kunne, na kuma ji wata 'yar ƙas-ƙas a bayan sitiyari duk lokacin da na murɗa shi har ƙarshe ta hagu, kamar ana taka busasshen ganye. Na ƙarshe a zuwa ita ce jar fitilar jakar iska, wato jakar da ke kumbura ta tare direba in an yi karo, fitila mai hoton mutum zaune da ƙwallo a gabansa. A ƙa'ida takan kama in an murɗa makulli, ta yi kamar daƙiƙa 6, ta mutu. Tawa ta fara ƙyaftawa a kan hanya, ranar nan kuma ta kama ta ƙi mutuwa.

Shawarar mai wayarin

Na kai ta wajen wani mai wayarin. Bai ɓata lokaci ba. Ya ce zai ja sabuwar waya daga hon ya sa mini maɓalli a jikin dashbod, irin wanda ake gani a tsofaffin tasi. Rediyo kuwa, ai hannu yana kaiwa. Da na nuna masa jar fitilar sai ya yi dariya ya ce, "Patron, wannan ai minti biyar ne. Ko in liƙe ta da baƙin salatif ta ciki, ko in sa mata ɗan abin da zai ruɗi kwamfutar. Jakar nan shekararta nawa? Wa ya ce maka ma tana aiki?"

Ba mugu ba ne, abin da yawancin masu motoci ke nema a wajensa ke nan, a kashe fitila a tafi. Amma ni ina bin hanyar Ngaundare aƙalla sau ɗaya a wata, na kuma san gangaren dutsen nan da irin tarkacen motocin da ke kwance a gindinsa. Fitilar cewa take yi kwamfuta ta daina jin jakar direba. In an liƙe ta, jakar ba ta dawo ba, ni ne kawai zan daina ganin gargaɗin. Na yi masa godiya na tafi.

Ina da ɗan 'yar'uwa da ke gyaran wayoyin hannu kusa da babbar kasuwa. Yaro ne mai natsuwa, yana da mitar gwajin lantarki, ya kuma iya tono littafin gyaran mota a intanet. Da dare na kwashe labari na faɗa masa. Tambaya ɗaya ya yi: "Kawu, in mota tana tsaye, sitiyari a miƙe, hon yana yi?" Na ce yana yi. Ya ce to ba fiyus ba ne, don fiyus bai san hagu da dama ba, in ya ƙone ya ƙone. Rediyon ma ba shi ba ne, tunda maɓallan jikinsa lafiya lau suke, kuma na asali ne, ba a taɓa sauya shi ba. Abu uku ne suka lalace, maɓallai da hon da jakar iska, babu abin da ya haɗa su sai hanyar da wayoyinsu ke bi su fita daga sitiyari. Muka fita da tocila muka gwada. Na danne maɓallin sauya tasha, shi kuma yana murɗa sitiyari a hankali. Ta dama babu matsala. Ta hagu, da an wuce zagaye ɗaya, komai ya ɗauke.

Abin da ke ciki

Sitiyari yana juyawa, jikin mota ba ya juyawa, ga shi dole waya ta haɗa su. Dabarar da aka yi ita ce wani faifan roba da ke zaune daidai bayan sitiyari. A cikinsa akwai waya shimfiɗaɗɗiya, fara, siririya kamar zaren kaset amma ta fi shi faɗi, da layukan tagulla a jere a jikinta. An naɗe ta zagaye-zagaye, in ka murɗa ta wannan gefe ta ƙara naɗuwa, in ka murɗa ta wancan ta saki. Masu sayar da kayan mota a nan kontaktar turnan suke ce masa da Faransanci. Da uwargida ta gan shi a buɗe cewa ta yi, "Ashe gammo ne." Sunan da ya bi shi ke nan a gidanmu.

Tsawon wayar ƙidayayye ne. Gammon Corolla yana yin kamar zagaye 5 daga ƙarshe zuwa ƙarshe, wato biyu da rabi kowane gefe in yana tsakiya. Sitiyarin kansa kuwa kusan zagaye 3 yake yi gaba ɗaya, ɗaya da rabi hagu, ɗaya da rabi dama. Ke nan rarar da aka bari kamar zagaye ɗaya ce a kowane gefe. A riƙe wannan lissafin, don a kansa duk lamarin ya rataya.

Batun murya da ke raguwa in an ce ta ƙaru ma yana da dalili. Maɓallan ba kowanne da wayarsa ba. Huɗu daga ciki layi ɗaya suke bi, abin da ya bambanta su shi ne yawan turjiyar da kowanne ke sa wa lantarki. Na sauya tasha gaba kusan babu turjiya, na baya kamar om 330 (om shi ne ma'aunin turjiya), na ƙara murya kamar om 1,000, na ragewa kamar om 3,100. Rediyo yana auna abin da ya iso masa ne ya gane wanda aka danna. To in tagullar hanya ta tsage tana taɓawa da ƙyar, ko datti ya hau bakin maɓalli, turjiya sai ta ƙaru, dubu ɗaya ta isa wajen rediyo da kamannin dubu uku. Ni ina cewa ƙara, shi yana jin rage.

Yaron ya kuma gano cewa a watan Afrilu na 2014 kamfanin Toyota ya yi kiranyen motoci kusan miliyan 3.5 a duniya, wato ya ce a dawo da su a gyara, saboda wannan faifan, ciki har da wasu Corolla da RAV4 da Yaris da Hilux. Na ɗan yi murna, na ce ga mai laifi. Abin da muka tarar a cikin tawa ya nuna ba daga can matsalar ta taso ba.

Ranar Asabar

Bayan sallar asuba muka fara, a inuwar darbejiyar tsakar gida, don kafin hantsi ya dubi ludayi cikin mota ya zama tanda. Na daidaita tayoyin gaba suka miƙe sak, na zare makulli, na kwance kan batir na nagatif da sifana mai lamba 10, na naɗe shi da tsumma don kada ya koma ya taɓa. Littafin ya ce a jira aƙalla daƙiƙa 90, saboda kwamfutar jakar iska tana riƙe ragowar wuta ko an cire batir. Mu dai shayi muka zauna muka sha, ya fi minti goma.

Jakar iskar tana cikin murfin tsakiyar sitiyari, inda ake danna hon. Kusoshi biyu ne ke riƙe da ita ta gefe da gefe, masu kai kamar tauraro, lamba T30. Nan muka fara cin karo: taurarin da yaron ke kwance wayoyi da su duk ƙanana ne, sai da na je aro wajen maƙwabci. Kusoshin ba sa fitowa gaba ɗaya, sassauta su ake yi har murfin ya saki. Na ɗago shi a hankali, ina gefe, ban sa fuskata a saitinsa ba. A bayansa akwai soket-soket na jakar, kowanne da ɗan makullin roba da ake ɗagawa da bakin ƙaramar sukudireba kafin a zare, sai kuma wayar hon guda ɗaya.

Murfin nan ba nauyi gare shi ba, amma akwai abin fashewa a ciki, kuma hannuna ya san da haka. Ana ajiye shi ne fuskarsa tana kallon sama. In aka kifa shi ya tashi, shi kansa zai zama harsashi. Autana, mai shekara huɗu, tuni ya matso yana miƙa hannu. Uwarsa ta ce, "Kawo nan, Malam," ta kai shi ɗaki ta ajiye a ƙasa nesa da taga, ta kulle, ta sa makullin a bakin zaninta. Na kuma gargaɗi yaron tun kafin ya ɗauko mita: duk wayar da aka yi wa rawaya ta jakar iska ce, kuma ba a taɓa sa mita a jikin jakar kanta, don 'yar wutar da mita ke turawa tana iya tayar da ita.

Maɓallan muka fara gwadawa, tunda ga su a fili. Ya zare soket ɗinsu ya sa mita. Ba a danna komai ba, kusan om 100,000. Sauran duk suka ba da abin da littafi ya ce, sai na ƙara murya da ke rawa, ya nuna dubu ɗaya, ya haura dubu biyu, ya dawo. Ya kwance allon. Ƙarƙashin robar akwai jar ƙura da ta cakuɗe da gumin hannu ta zama kamar kunun kanwa da ya bushe. Ya goge da auduga da ruwan da yake wanke allon waya da shi, ya bar shi ya sha iska, ya sake gwadawa, lamba ta tsaya cak. Ashe ƙurar ma tana da nata kason. Da a nan muka tsaya, da mun mayar da komai muna murna, bayan kwana biyu mu dawo gidan jiya.

Sai cire sitiyari. Noti ɗaya ne babba a tsakiya, lamba 19. Kafin in taɓa shi na ja layi da maka daga bakin sandar zuwa jikin sitiyari, don in mayar da shi a haƙorin da na same shi. Na sassauta notin amma ban cire shi duka ba, na bar shi a 'yan zare na ƙarshe. Dalili kuwa, sitiyarin da ya shekara goma sha a wurinsa ba ya fita da lallami, sai an jijjiga shi hagu da dama ana ja, in ya saki kuma da ƙarfi yake tahowa. Nawa da ya saki, notin ne ya tare shi, in ba haka ba da haɓata ce. Muka cire murafun robar da ke rufe sandar, sama da ƙasa, ga gammo.

Kafin mu ɓalle shi daga mazauninsa yaron ya ce, "Kawu, tsaya mu ƙirga." Tayoyi na miƙe, don haka ya kamata ya ba mu biyu da rabi kowane gefe. Ya juya shi da yatsa ta hagu a hankali: ɗaya, da rabi, ya cije. Ya dawo, ya juya ta dama: ɗaya, biyu, uku, da rabi. Muka dubi juna. Gammon ya goce da zagaye ɗaya cur. Duk ranar da na murɗa sitiyari har ƙarshe ta hagu, wajen fita daga gida ko juyawa a lungu, wayar tana kaiwa iyakarta ana kuma ƙara jan ta.

Gammo ba ya gocewa da kansa. Sai in an raba sitiyari da tayoyi, an bar shi ya juya shi kaɗai. Kuma sau ɗaya aka taɓa yin haka a motar nan tun tana hannuna: bayan damina, cikin Oktoba, da ramuka suka kashe mini rak, ko kremayer, wato ƙarfen da ke kai juyin sitiyari ga tayoyin gaba, na kai wani gareji aka sauya. In za a yi wannan aikin, ana ɗaure sitiyari ne da bel ɗin kujera kafin a kwance sandar da ke haɗa shi da rak. Ba a ɗaure nawa ba. Wataƙila wani yaron gareji ya jingina da shi, ko ya juya shi don ya kai hannu ga wani noti, aka zo haɗawa aka ga tambarin yana tsaye daidai, aka ɗaure. Sitiyarin da ya yi cikakken zagaye ɗaya kamanninsa ɗaya da wanda bai motsa ba. Wata biyu wayar ta yi tana jurewa kafin uwargida ta ji murya tana raguwa.

Muka ɓalle faifan, ya sa mita a layin hon yana juyawa, ƙarar mitar tana ɗaukewa tana dawowa. Da muka buɗe shi, kusa da inda wayar ta manne da soket akwai wani lanƙwaso fari fat, kamar takardar da aka ninka aka buɗe sau ɗari. A hasken rana ana ganin layukan tagullar sun tsattsage a wurin.

Nan muka yi saɓani. Shi mai gyaran waya ne, hannunsa har ƙaiƙayi yake yi. Ya ce zai yanke wurin, ya kankare, ya liƙe da dalma, layukan da yake haɗawa a waya sun fi waɗannan sirantaka sau goma. Ban yi shakkar hannunsa ba. Na ce masa da rediyo ne kawai a kan wayar, da na bar shi. Amma layin jakar iska yana cikinta, turjiyarsa duka 'yan om ne ƙalilan, kuma dalma ba ta lanƙwasuwa, wurin da aka liƙe nan zai fara karyewa. Ga shi yankewa zai rage tsawon da ma shi ne ya gaza. Ya ce, "To Kawu, kuɗinka ne." Ransa bai so ba.

Kuskuren da ya zama nawa

Da azahar na ɗauki tsohon na tafi wajen masu sayar da kayan motocin da aka farfasa. Aka ɗauko mini ɗaya, na ɗora su gefe da gefe, girma ɗaya, mazauni ɗaya, soket mai rawaya iri ɗaya. Na biya sefa 12,000 na dawo ina jin na yi dabara. Da yake na hannu ne, ba wanda ya san inda aka bar shi, sai muka nemo tsakiyarsa yadda littafi ya ce: a juya ta hagu a hankali har ya cije, ba a tilasta shi, sannan a dawo ta dama zagaye biyu da rabi har alamomin jikinsa su haɗu. Muka mayar da komai. Hon ya yi, jar fitila ta mutu, maɓallai kuwa ko ɗaya bai motsa ba.

Sai da muka sake kwance komai, tun daga batir da jira, kafin muka gane. A cikin soket ɗin wanda na sayo, ramukan suna nan amma wasu ba ƙarfe a ciki. Daga Corolla marar maɓallai aka ciro shi, layin hon da na jaka kawai gare shi. Da na leƙa cikin soket ɗin a kasuwa na ƙirga ƙarafan, da minti ɗaya ya ishe ni. Ko in duba lambar da ke kan takardar jikinsa, wadda ke farawa da 84306, in ga ko sauran lambobin sun yi daidai da na tsohon. Ban yi ko ɗaya ba. Mai kayan ya karɓi abinsa bayan doguwar magana, ya riƙe 2,000.

Karo na biyu ban yi gaggawa ba. Na ɗauki hoton lambar tsohon da lambar jikin mota mai harufa 17 da ke kan kat giriz, wato takardar rajistar mota, na tura wa wani ɗan'uwa a Duwala. Ya sayi sabo a kwalinsa, ya sa a motar haya, ya iso ranar Laraba. Da kuɗin aike ya tasar wa 40,000. Kwana huɗu motar tana tsakar gida ba sitiyari, yara suna shiga suna tuƙa iska, ni kuma ina hawa acaɓa zuwa aiki. Sabon yana zuwa ne da ɗan maƙalin roba da ke riƙe shi a tsakiya, ba a cire shi sai faifan ya zauna a mazauninsa, tayoyi kuma suna miƙe. Wasu motocin suna da na'urar auna juyin sitiyari manne a bayan faifan, wadda ake ciro ta a mayar a sabon. Tawa ba ta da ita.

Wajen ɗaure babban notin, littafi ya ce 50 a Nm, ma'aunin ƙarfin ɗauri. Ba ni da sifanar da ke auna ƙarfi, kuma ban yarda in ƙiyasta da hannu a kan abin da ke riƙe da sitiyari ba, sai na aro wajen wani abokina da ke gyaran manyan injuna. Layin maka ya hau kan ɗan'uwansa. Uwargida ta buɗe ɗaki ta kawo murfin, muka mayar da soket-soket har makullansu suka yi ƙas, muka ɗaure taurari biyu. Na sa kowa ya fita daga motar kafin in mayar da kan batir, sannan na zagaya ta kujerar fasinja na miƙa hannu na murɗa makulli, jikina yana nesa da sitiyari. Fitilar ta kama. Yaron yana ƙirgawa a fili. A ta shida ta mutu. Na tayar da inji, na murɗa har ƙarshe ta hagu, na danna hon, tantabarun maƙwabci suka tashi. Maɓallai biyar duka suka amsa, hagu da dama da tsakiya.

Bayan mako ɗaya na kai ta wajen mai na'urar karanta kwamfutar mota. Lamba ɗaya ya samu a ajiye, B1801, wadda ke nufin layin jakar direba ya taɓa yankewa. Ya goge ta, ba ta dawo ba.

Garejin da aka sauya mini rak na koma da tsohon gammon a leda. Ba rigima na je yi ba, mun daɗe tare, kuma aikin rak ɗin kansa ya yi kyau. Na nuna wa maigidan lanƙwason, na faɗa masa ƙidayar da muka yi. Ya juya shi a hannu ya ce, "Alhaji, mota ta tsufa, abin nan yana mutuwa da kansa." Na ce haka ne, amma tsufa ba ya matsar da shi zagaye ɗaya. Ya yi shiru, ya kira wani yaro daga ƙarƙashin wata mota ya tambaye shi da Fulatanci wa ya kwance sandar Corollar nan a watan Oktoba. Yaron ya ce wanda ya yi ya koma Marwa tun kafin sabuwar shekara. Maigidan ya ce in bar masa gammon zai nuna wa sauran, na bar masa, ya rataye shi a ƙusa kusa da kalanda.